Siririyar Taya Da Amalanken Taki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da tayar keke ta kusa raba ni da aikina ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma abin takaicin, ba ni da wanda zan sauke wa haushin sai ni kaina.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba. Ina koyarwa a wata firamare can wajen Geza, amma a Bagudo nake zaune, don a ganina na fi ƙarfin kwanan ƙauye. Kullum a keke nake zuwa. Kuma ba irin baƙin keken tsofaffi ba, ɗan gwanjo ne da ya tsallako daga Benin, na sayo shi a kasuwar Dole Kaina: ja, mai giya, da tayoyi masu kauri da haƙora. Yashi ko laka, ratsawa kawai yake yi.

Laifinsa ɗaya, ƙara. Da na hau ɗan guntun kwaltar cikin gari sai tayoyin su kama gurnani, masu zaman teburin shayi su ce, "Ga Malam Tarakta nan tahe!" Sunan nan ya tsaya mini a wuya. Na je wurin Oga Emeka, mai gyaran keke a bakin kasuwa, na ce ya cire su ya sa mini sirara masu santsi, irin na kan titi.

Ya kalle ni, ya kalli keken. Ya ce, "Ticha, wannan taya na kwalta ne. Hanyar makarantarka akwai kwalta?"

Na ce, "Oga, yanzu muna da jiharmu. Kwalta tana nan zuwa."

Ya ce, "To ka bari ta zo mana."

Nan na hau shi da faɗa, na ce gyara na kawo, ba shawara na zo nema ba. Ya sa mini su, ya rataye tsofaffin a ƙusa. Da ya ce in rage iska in zan shiga yashi, sai na karɓi famfon da kaina na ƙara musu har suka yi tauri kamar dutse. (Ka ji mai ilimi.) Ban tsaya nan ba, washegari a makaranta na tara malamai ina yi musu lacca, wai faɗin taya alamar ci baya ce. Tun ranar nake sauka ina tura keken a wuraren da da nake wucewa ina fito, amma ban gaya wa kowa ba.

Mako bai cika ba aka aiko cewa kwamitin tantance ma'aikata zai zo daga Birnin Kebbi. Sabuwar jiha tana son sanin malaman gaske da na bogi. Hedimasta ya ja mana kunne: ƙarfe tara kowa ya tsaya da takardar ɗaukarsa aiki a hannu, wanda aka kira ba ya nan an soke sunansa.

Ranar aka wayi gari da ruwan farkon damina. Na saka farar shaddata, na cusa takardar a aljihu, na hau. Cikin gari kam keken tafiya yake kamar iska, har ina ɗaga wa masu shayi hannu. Ina sauka daga kwalta labari ya canja. Tayar gaba ta nutse, ta baya ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Na sauka na tura, na hau, na zame, ina zagin hanya, ina zagin ruwa, ina zagin Oga Emeka da bai ɗaure ni da igiya ya hana ni ba. A gangaren fadama na danna burki, keken ya ce bai san zancen ba. Sai ga ni kwance male-male cikin caɓi, takalmi ɗaya ya shige ƙasa, ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe.

Ina zaune ina huci sai ga wani dattijo da amalanken shanu, ya yi lodin takin dabbobi zai kai gona. Ya tsaya ya ƙare wa tayoyin kallo.

"Malam, wa ya cuce ka ya saida maka wagga taya? Ko akuya ta hi ta ƙahwa."

Na ce, "Baba, don Allah ka kai ni makaranta."

"Awo, hau. Amma wurin zama ɗai na, bisa taki."

Na hau. Ni a sama, keken a cinyata, ƙafa ɗaya ba takalmi, shanu suna tafiya kamar an roƙe su.

Muna shiga harabar makaranta na ga malamai a jere a baranda, ɗalibai sun cika tagogi, ga wata Hajiya mai tabarau, shugabar kwamitin, riƙe da jan biro. Ashe sau uku ana kiran sunana. Dattijon nan, maimakon ya sauke ni a bayan aji, sai da ya kai ni har gaban teburinta, ya ce, "Ga malaminku, na tsinto shi hwadama."

Dariyar da aka yi, har Hedimasta sai da ya juya baya.

Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne." Na zaro takardar. Ta jiƙe sharkaf, tawada ta gudu, sunana ya zama shuɗin tabo. Na ga albashina, na ga matata da 'ya'yana biyu, na ga jan biron nan yana sauka kan rajista.

Hajiya ta toshe hanci da gefen mayafi, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Hedimasta, wannan naku ne?"

Ya ce, "Namu na, Hajiya. Shi na mai koya muna ci gaba."

Ta ajiye jan biron ta ɗauki baƙi. Ta ce, "An tantance shi. Ma'aikacin bogi ba ya wari haka. Malam, matsa daga nan."

Da yamma na kinkimi keken na kai wa Oga Emeka. Na shirya faɗa, na rasa ta inda zan fara. Ya miƙa hannu ya sauko da tsofaffin tayoyina daga ƙusa, ya kaɗe su, ya ce, "Ticha, kwalta ta zo?"

Tun daga ranar na koyi cewa hanyar da kake bi ake saya wa taya, ba wadda aka yi maka alkawari ba. Sunan Malam Tarakta kuwa ya mutu, kuma wallahi ina kewarsa, don shekara da shekaru ke nan Malam Taki ake kirana.