Gandun Dajin Alhaji Sashe

Duk wanda ya ce ƙasar Bukkuyum ba ta fitar da manyan masana ba, to bai taɓa zuwa Tungar Makau ba, wani ƙauye a bayan Adabka. A can Allah ya ajiye mana Alhaji Abdulwahabu Wali, dillalin buhunan taki, wanda ya zama masanin dokar gandun daji tsakanin azahar da la'asar.

Ga yadda ilimin ya same shi. Ya je Gusau sayen buhuna, rana ta matsa masa, sai ya shiga wani ɗakin taro don ya sha iskar fanka. Ashe taro ake yi a kan kare gandun daji na ƙasa. Ya yi gyangyaɗinsa cikin natsuwa a kujerar baya. Da aka tashi, aka raba wa kowa koriyar hula da ɗan littafin dokoki, shi ma ya miƙa hannu. Mutum ya fita gida yana dillali, ya dawo yana hukuma.

Masani kuwa yana bukatar wurin aiki. Akwai babban daji a yamma da gari, wanda kowa ya san abin da ya hana mutane shigarsa. Alhaji, cikin hikimarsa, bai kai dokarsa can ba. Ya zaɓi ɗan kurmin da ke bakin rafi, mai itatuwan ɗorawa goma sha ɗaya, da kuka biyu, da ƙadangaru masu yawa. Ya kafa allo, ya manna sanarwa mai shafi uku, ya tara jama'a a ƙofar gidansa bayan sallar Juma'a.

Dole a yaba tsarin zaman. Yana bisa kujera, hula ta zauna daram, littafi a cinya. A gefensa kuma ga gaurakarsa tana taku ɗaiɗai, da tukkun nan nata mai ruwan zinariya. Wani maharbi ya sayar masa da ita shekara biyu da suka wuce, bayan Alhaji ya ji cewa manyan mutane kan ajiye irinta a tsakar gida. Akan fige mata fiffike don kada ta tashi. Ba ya karɓar baƙo sai tana kusa.

Ya ce, "Jama'a, ku saurara. Sashe na tara ya hana cire ko da ganye guda cikin gandu. Sashe na arba'in ya hana kiwo. Ku ba ku sani ba, don ba ku tahi Gusau ba. Ni an kira ni, kuma an ba ni hula."

Washegari sashe na taran ya koma na goma sha bakwai, amma ba a gardama da masani. Tun daga ranar mata suka raɗa masa Alhaji Sashe. Awaki ne kawai suka ƙi bin doka, don ba wanda ya karanta musu allon.

Wadda abin ya faɗa wa a ka ita ce Inna Safara'u, tsohuwa mai daddawa. Shida daga cikin itatuwan nan nata ne. Ta gaje su daga kakarta, kamar yadda ake gadon ɗorawa ko da ƙasar da take tsaye a kai ta wani ce, kuma ba yaron da ke garin da bai san haka ba. Da kalwar da take samu a bazara take dafa daddawar shekara, da ita take riƙon jikoki huɗu. Ga ɗorawa ta nuna, ta bushe a sama, ga gajimare ya fara taruwa a gabas. Ruwan farko in ya doke ta, ta lalace.

Ta zo da gorarta mai ƙugiya, ta tarar da shi tsaye a gindin allo.

Ta ce, "Audu, kauce in wuce. Wanga icce, ƙarƙashinai anka yi maka aski ranar suna."

Ya ce, "Inna, ba Audu kike magana da shi ba, da doka kike magana. Na rubuta wa ofishin gandun daji. Babban jami'i yana nan tahe ya ga aikina, kuma ina jin da lambar yabo zai zo."

Kwana takwas tsohuwa tana fitowa tana duban sama. Alhaji kuma yana zagaya kurmi da sanda, yana rubuta adadin ƙadangaru.

A rana ta tara jami'in ya iso a kan babur. Sunansa Malam Zayyad, mutum mai sanyin murya. Alhaji ya sa an share ƙofar gida, an shimfiɗa darduma, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda shi kaɗai ya ceci daji daga jahilci. Malam Zayyad ya saurara, ya je ya duba kurmin, ya dawo ya yi bayani a gaban kowa. Ya ce wuri ba ya zama gandun daji na ƙasa don mutum ya kafa allo. Sai hukuma ta auna, ta shata iyaka, ta ji ta bakin masu wurin, sannan ta ayyana. Wannan kurmi na mutanen gari ne.

Inna Safara'u ta ce, "To ɗana, in ɗebi ɗorawata?"

Ya ce, "Ɗebi abinki, Inna, tun ruwa bai zo ba."

Alhaji ya yi gyaran murya. Don ya maido da martabar zama, sai ya tafa hannu aka koro gauraka gaban baƙo, kamar yadda ya saba.

Malam Zayyad ya daɗe yana kallon figaggen fiffiken. Sannan ya nemi aron littafin da ke cinyar Alhaji, ya buɗe shafin ƙarshe, wanda har lokacin yake manne da na kusa da shi, ya nuna masa jerin tsuntsayen da aka hana kamawa ko ajiyewa ba da izini ba. Har da hoton gauraka.

Haka aka sa ta a kwando aka ɗaure a bayan babur, za a kai ta inda za a kula da ita har gashinta ya tsiro. Jami'in ya yi wa Alhaji rangwame, ya tsaya a gargaɗi. Ke nan a duk tarihin Gandun Dajin Tungar Makau an kama mai laifi ɗaya tak, kuma shi ne ya rubuta takardar gayyatar wanda ya kama shi.

Mata suka gama kaɗe ɗorawa kwana biyu kafin ruwa ya sauka. Da daddawa ta nuna, Inna Safara'u, wadda ba ta riƙe mutum a zuci, ta aika wa gidan Alhaji curi uku na miya. Ta ƙunshe su da kyau, kowane curi a cikin shafi ɗaya na sanarwarsa.