Na'urar Sito na Bakwai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara 'yan kasuwa don in nuna musu gwanintata. Wasu manyan masu sayar da atamfa a Fagge ne suka ba ni aikin maƙala ƙananan na'urori masu jin zafi da hayaƙi a sito-sitonsu guda goma, suna aiko rahoto kwamfutata ba tare da waya ba. In gwajin ya yi kyau, Madam Chinyere, shugabar masu kayan lantarki a wani layi na Sabon Gari, za ta ba ni nasu aikin. Shi nake hari.

Tun da na maƙala su ban sake leƙawa ba, wata guda cur. Ina kwance ƙarƙashin fanka ina kallon allo, ina sabunta manhajarsu daga nesa (har na fara gaya wa abokaina cewa zamanin yawo cikin rana ya wuce).

A ofishin Alhaji Rasaki aka zauna, mai sito na bakwai, saman bene, na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki. Na buɗe kwamfuta na yi ta zuba. Na yaba wa sitonsa musamman, don ko da tsakar rana zafinsa ba ya tashi. Har shawara na ba sauran su je su koyi jera dilolin kaya a wurinsa. Alhaji dai murmushi yake yi.

Madam ta tambaya ko abin yana jin umarni da gaske. Na ce ta saurara, daga nan zan kaɗa ƙararrawar sito na bakwai da ke can ƙasa. Na danna.

Ƙarar ta tashi daidai gwiwata, daga cikin durowar tebur. Alhaji ya jawo ta, ya fito da na'urata a naɗe cikin hankici.

"Malam injiniya, ai tun washegari na cire ta. Abu mai daraja haka, 'yan dako su buge ta da dila? Nan ta fi samun kulawa."

Kowa ya yi dariya ban da Madam. Ta dube ni ta ce, "Sauran taran fa, ka san inda suke?"

Wallahi ban sani ba. Kunya ta hana ni ko yin ƙarya, aikin Sabon Gari kuma wani aka ba.

Yanzu duk mako sai na hau adaidaita sahu na je na taɓa kowace na'ura da hannuna. Allo zai gaya maka lafiyarta ƙalau, amma ba zai gaya maka wa ya ji tausayinta ba.