Juma'ar da Fankata Ta Hura Rufi

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ta watan bazara ba, shekarata ta farko da dawowa Madarumfa bayan na koyi gyaran lantarki a Maradi. A lokacin ko fitila ta mutu, Jibiya ake aikawa a ɗauko mai gyara. Ni kuwa ɗan gari ne, kowa ya san ni tun ina yawo ba wando, don haka ba mai ba ni ko rediyo.

Sai Alhaji Ila, wani ɗan kasuwa, ya kawo wa masallacin unguwarmu wata ƙatuwar fanka daga wata masana'anta da aka rufe a Kano. Kowane fiffike ya fi ni tsawo. Iska kam akwai, amma ƙararta kamar injin niƙa, har liman na huɗuba mutane na kallon bakinsa kawai. Da aka fara zancen aikawa Jibiya na miƙe na ce a bar mini.

Liman ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka iya dai? Wanga abu ba wasa na ba."

Kwana uku na yi a kanta. Na sauke injin fankar, na wanke rulma, wato boris ɗin da take juyawa a kai, da kananzir na cika ta da giris, na yanka robar taya na sa tsakanin ƙugiya da ƙarfen rufi, na auna fukafukan har nauyinsu ya zo ɗaya, na kuma sauya kwandansatar, ɗan abin da ke tayar da injin. Ina can ƙolin tsani, sama da fukafukan, aka kunna. Shiru! Ga iska tana dukan fuskata. Wallahi har ƙwalla na yi. (Da na sauko na tsaya a ƙarƙashinta ko minti ɗaya, da ban ba ku labarin nan ba.)

Ranar Juma'a na sa farar shadda na zauna sahun gaba, ina gaisawa da mutane kamar ni na gina masallacin. Ladan ya kunna fanka. Kowace kalmar liman ta fito ras. Amma gumi ya fara bin wuyan jama'a, sannan wani baƙin abu ya soma sauka kan huluna. Ashe na sauya wayoyi biyu, fanka na juyawa baya, tana hura iska sama tana kakkaɓo kashin jemagun da ya shekara a rufi.

Wani tsoho ya cire rawaninsa ya kaɗe, ya ce da ƙarfi, "Mi munka yi maka, yaro? Gara ƙarar!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ana sallamewa na jawo tsani da shaddata na hau a gaban kowa, na mayar da wayoyin. Iska ta sauko har ta ɗaga gemun tsohon, ƙara kuma babu. Liman ya yi dariya ya ce, "To, a bar mutanen Jibiya su huta."

Sun huta kuwa, don tun ranar aikin garin ya dawo hannuna. Sai dai har yau ba na cewa na gama gyara sai na sauko na zauna inda masu shan iskar za su zauna.