Ranar da Gwamma Ta Durƙusa wa Sarki

A shekarar da gobara ta lashe Dajin Marke, babu wanda bai ji a jikinsa ba. Ciyawa ta zama toka, tafki ya janye ya koma kududdufi, barewa ta rame sai ƙaho, giwa kuwa in tana tafiya fatarta na kaɗawa kamar wanki a kan igiya. Ɗanyen abu ɗaya ya rage a duk ƙasar, wata 'yar harƙiya da ta tsira a bakin tafki. Talakawan daji suka yi shawara a tsakaninsu cewa masu shayarwa kaɗai za su riƙa taɓa ta, su ma ɗan abin da zai jiƙa maƙogwaro.

Cikin masu shayarwar akwai Gwamma. Ita gadu ce, wato aladen dawa mai haure da ƙulli-ƙulli a fuska. Ba kyakkyawa ba ce, kuma ba ta taɓa yi wa kowa gardama a kan haka ba. Cikin 'ya'yan da ta haifa a bana yunwa ta bar mata ɗaya tak, wani ɗan mitsitsi da ta raɗa wa suna Barau. Harƙiyar nan ce ke sa nono ya ɗan sauko mata. In babu ita babu Barau, kuma Gwamma ta san da haka.

Su kuwa mutanen fada, abin da ke hana su sukuni daban ne. Dajin Marke daji ne da 'yan Adam ke zuwa kallo. Sukan zo a motoci masu buɗaɗɗen sama, da manyan malafuna da kyamarori, rana ta gasa su sun yi jajur, kuma ba abin da suke son gani kamar zaki. Don haka masu gadin dajin kan jefar da cinyar saniya a gindin wata tsamiya kusa da hanya, saboda zaki ya zauna inda za a gan shi. Sarki Gagarau ya manta rabonsa da farauta. Aikinsa shi ne ya kwanta a kan dutse, ya yi hamma, a ɗauke shi hoto, ya ci nama, ministoci su kwashe ragowa. Wannan shi ake kira hulɗa da ƙasashen waje a Dajin Marke.

To, ga tsufa ga ƙiba ga yawan kwanciya, sai gezar sarki ta fara zubewa, har wuyansa ya koma sumul kamar ƙwarya. Wata safiya mota ta tsaya, direba ya leƙo ya ƙare masa kallo, ya ce wa baƙi, "Wannan tsohuwar zakanya ce, mu ƙara gaba ko ma dace da namijin." A ranar nan ba a kawo nama ba.

Nan da nan aka kira taron gaggawa. Da Gwamma ta ji shela sai farin ciki ya kama ta, don a zatonta kukan talakawa ne ya isa fada. Ta bar Barau a rami, ta sheƙo da gudu, ta sami wuri can baya ta raɓe.

Kura, Ministar Yawon Buɗe Ido, ta miƙe ta gyara murya.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji ta. "Jama'ar Dajin Marke, wannan gwamnati ta ji kukanku. Ba za mu yi barci ba, ba za mu yi gyangyaɗi ba, sai kowane ɗan ƙasa ya ga kore da idonsa. Shi ya sa a yau muke ƙaddamar da Shirin Kore Ga Kowa!"

Aka ɗauki tafi, Gwamma har da guɗa.

"Amma kun san shiri mai inganci daga sama yake farawa," Kura ta ci gaba. "Kashi na farko zai fara ne daga wuyan mai martaba. Za a tuge harƙiyar bakin tafki a saƙa masa sabuwar geza. An riga an ba Gwaggon Biri, Ministan Ayyuka, kwangilar."

Sarki ya ɗan motsa. "Kura, zaki kore kuwa?"

"Ranka ya daɗe, kowace ƙasa tana da jan zaki. Koren zaki sai mu. Baƙi za su yi layi."

Guɗar Gwamma ta maƙale a wuya. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "Ranki ya daɗe, ciyawar nan fa ita ce nonon 'ya'yanmu."

"Baiwar Allah, mun ji kokenki, kuma za a kafa kwamiti," in ji Kura. "Kashi na biyu na shirin naku ne, masu shayarwa. Za a fara shi da ruwa ya sauka."

"Da ruwa ya sauka ai ciyawa da kanta take fitowa."

"Kin gani ko? Har kin fara hango amfanin shirin."

Kafin la'asar birai sun tuge harƙiyar tas. Gwamma ta koma rami, Barau ya kama nono ya yi ta ja, ya saki, ya sake kamawa, daga ƙarshe ya ɗaga ido ya dube ta bai ko yi kuka ba. Wannan kallon ya fi kuka yi mata ciwo. Ta fita ta nufi bakin tafki ko za ta sami guntun saiwa da birai suka bari.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da gadu. Allah ya yi shi da gajeren wuya, bakinsa ba ya kai ƙasa sai ya lanƙwashe ƙafafun gaba ya dafa gwiwa. Gadu ba ya kiwo a tsaye, kuma ba ya durƙusawa sai don kiwo. Kowane ɗan zomo a dajin ya san wannan. Kura ce kaɗai ba ta sani ba, domin tun da take ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda talaka ke cin abinci ba. Ita in ta kalli talaka, abincin take gani.

Sai ga Kura ta biyo hanyar tafki, ta hangi Gwamma a durƙushe, kai a ƙasa. Ta tsaya ta riƙe baki.

"Kai, dubi ladabi! Sarki ba ya wurin ma tana yi masa durƙuso! Ke, zo nan. Gobe baƙi za su zo, kuma suna son su ga shugaban da talakawansa ke ƙauna. Na naɗa ki wakiliyar talakawa. Da mota ta tsaya, ki je gaban mai martaba ki yi irin wannan durƙuson."

"Ranki ya daɗe, mu fa in muka durƙusa..."

"Na sani, daga zuci yake fitowa."

"A'a, ina nufin da gwiwarmu ta taɓa ƙasa..."

"Ban ce ki yi jawabi ba," Kura ta daka mata tsawa. "Durƙusawa kawai. In ba ki zo ba, na san ramin da ɗanki yake."

Da safe aka jera jama'a a bayan tsamiya. Aka umarci kowa ya cika ciki da iska kada haƙarƙari ya fito a hoto, ya kuma yi murmushi. Sarki Gagarau ya hau dutse da sabuwar gezarsa, koriya shar, ta sauko har tana jan ƙasa. Kura ta yi ta jaddada masa cewa duk abin da zai faru kada ya motsa muddin kyamara na aiki, ya dai ɗaga kai ya kalli nesa kamar mai tunanin makomar ƙasa. Iska ta ɗebo ƙamshin ɗanyar harƙiya ta watsa wa jama'a, miyau ya tsinke a kowane baki, masu riƙe da numfashi suka fara jiri.

Mota ta iso. Baƙi suka miƙe tsaye suna salati irin nasu, kyamarori suka kama ƙyas-ƙyas. Kura ta yi wa Gwamma inkiya da ido.

Allah ya sani, Gwamma ba ta fito da mugun nufi ba. Niyyarta ta durƙusa, ta tashi, ta koma wurin ɗanta da ranta. Ta taka a hankali har ta iso gaban dutse. Ta lanƙwashe ƙafa, gwiwa ta taɓa ƙasa, ga geza a daidai hancinta. Bakin nan bai nemi shawarar kowa ba, ya yi abin da bakin kakanninta ke yi duk lokacin da gwiwa ta sauka.

Sarki ya ji ana jan wuyansa. Bai motsa ba, ya dai yi magana ta gefen baki, idonsa na can kan makomar ƙasa.

"Kura, me take yi?"

"Mubaya'a ce, ranka ya daɗe," Kura ta raɗa masa. "Sumbatar geza take yi, al'adarsu ce. Kada ka motsa, ana ɗauka."

Barewa ce ta fara sakin numfashi. "Wallahi ni ma ina ƙaunar sarki," in ji ta, ta tafi da sassarfa. Gwanki ya ce shi tun kakansa suke goyon bayan gidan sarauta. Ɓauna ta ce ba za a bar ta a baya ba wajen biyayya. Kafin Kura ta yi wani yunƙuri, al'ummar Dajin Marke gaba ɗaya ta kewaye dutse tana mubaya'a, ba ka jin komai sai ƙarar tauna. Ba a taɓa ganin shugaban da jama'a suka rungumi shirinsa da gaggawa haka ba.

Da aka watse, sarki na nan zaune yadda aka koya masa, kai a sama, wuya sumul, da sili ɗaya na ciyawa a maƙale a kunnensa. Baƙi suka yi ta dariya har wani ya yar da malafarsa. Direba ya leƙo ya ce, "Af, ashe tsohuwar nan ce dai," ya ja mota. Sai a lokacin Gagarau ya shafa wuyansa, ya gane, ya yi kukan kura zai cafki Gwamma. Amma ƙafafun da suka shekara ba su yi gudu ba suka ƙi, tumbi ya rinjaye shi ya mirgino daga kan dutse. Ita kuwa tuni ta ɗaga wutsiya sama ta yi gaba, cikinta fam, da wani dami guda a baki.

Da yamma tana kwance a bakin rami, Barau na tsotso har nono na zubo masa ta gefen baki, 'yar wutsiyarsa na kaɗawa. Daga nan ana hango tsamiya. Masu gadi ba su kawo nama ba, kuma da alama ba za su sake kawowa ba. Ministoci sun yi jugum a kewaye da sarki, kwana biyu ke nan ba su sa komai a ciki ba.

Sai Gwamma ta ga Kura ta miƙe. Ta taka a hankali, cike da ladabi, har gaban mai martaba. Ta ɗan dubi wuyan nan mai taushi da kitse, sannan ta lanƙwashe ƙafa ta durƙusa. Sauran ministoci suka taso ɗaya bayan ɗaya, su ma suka durƙusa.

Barau ya saki nono zai waiwaya. Gwamma ta sa hanci ta juyo da kansa.

"Sha nononka," ta ce. "Mubaya'a ake yi."