Rigar Lilin daga Akwatin Hajiya

Wani ne a nan Madarunfa, ba zan faɗi unguwarsu ba don danginsa suna da rai. Dogo ne, baƙi wuluk, ga son gayu ga ƙwauron tsiya. Ya kai arba'in ba aure, sai ya ƙyalla ido ya ga wata bazawara a Safo, Ɗelu mai ƙuli-ƙuli. Ya yi ta zarya har jakin mai amalanke ya gane muryarsa.

Ran nan Ɗelu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, in gaya maka gaskiya? Kullum da baƙaƙen kaya kake zo mini. In ka tsaya a inuwa, sai ka yi dariya nake sanin kana nan. Ran Juma'a zan shigo Madarunfa in gaida kakarka. In na iske ka cikin riga mai maɓalli, ruwan hoda, wadda za ta haska ka, to ka turo manya. In ba haka ba, akwai wani mai babur a Ɗan Issa yana jira."

Gogan naku ya zarce wurin tela. Tela ya ce sai bayan sati biyu. Gogan ya ja tsaki ya ce, "Mi ke cikin ɗinki? Yanka ne da haɗawa. Da hannuna zan yi abina."

Saura yadi. To, da kakarsa yake zaune, Hajiya Fati, tsohuwa mai baki kamar aska, wadda ke kiransa "angona" irin wasan kaka da jika. Tana da akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, cikinsa akwai farin lilin mai santsi. Likkafaninta ne. Daga Makka ta zo da shi, da hannunta ta tsoma shi a zamzam, kuma duk Juma'a sai ta fito da shi ya sha iska ta mayar. Matan unguwa kaf sun san wannan. Shi kuwa da bai taɓa zama ya saurari zancen tsohuwa ba, ya ɗauka ajiyar banza ce irin ta tsofaffi. Ga shi kuma ta tafi suna a Gabi.

Ya buɗe akwati, ya shafa yadi ya ce, "Dubi abin arziki yana ruɓewa. Tsohuwar nan ina za ta da wannan?"

Ba shi da magwaji, sai ya shimfiɗa yadin a tsakar gida, ya kwanta a kai ya miƙe sambal, ya rufe ido don rana. Sai ga maƙwabcinsa Mahaman masunci ya yi sallama. Ya ga mutum miƙe bisa farin yadi ba motsi.

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya fa muka sha shayi tare."

Gawa ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Bar salati. Ɗauko gawayi ka zana ni."

Mahaman ya duƙa yana zagaye shi da gawayi, yana shinshina. Ya ce, "Wanga yadi ƙamshin kafur yake. Ina ka samo shi?"

"Kai da ke kwana cikin ƙarnin kifi, mi ka sani game da ƙamshi? Zana, kar ka rage mini kafaɗa."

Gogan ya bi zanen gawayi da almakashi. Kwana biyu yana fama da allura, babu yatsan da bai huda ba. Ya tsinto maɓallai daga tsofaffin wanduna, wani babba wani ƙarami, ya jera. Sannan ya tafasa galura a tukunyar tuwon Hajiya ya tsoma riga. Riga ta fito ruwan hoda, hannayensa ma haka har gwiwar hannu. Lilin kuma da ya sha ruwan zafi sai ya tsuke. Ƴan guntayen da suka rage ya ninke su tsaf ya mayar cikin akwati, wai don kar a ce ya ci amana.

Ran Juma'a da hantsi ya yi wanka ya zura riga da ƙyar. Ya zo ɓallawa, abu ya gagara. Ya ƙwala wa Mahaman kira ta katanga.

"Mahaman, maɓallan nan ina suke shiga?"

Mahaman ya duba. Shida a dama, shida a hagu, suna kallon juna, babu rami ko ɗaya. Ya ce, "Ai ba ka yi musu ƙofa ba. Kuma ko ka yi, rigar ba ta haɗuwa."

"Ɗelu tana bisa hanya. Yi dabara."

Mahaman ya koma gida ya zo da basilla da zaren taru. Ya ce, "Amma ka san ba a ɗinki a jikin mai rai."

"Camfin mata ne. Ɗinka."

"To ja cikinka."

Ya ja ciki har haƙarƙari suka fito. Mahaman ya ɗinke shi tun daga maƙogwaro har ƙasan cibiya, ya ƙulle ya ƙara ƙullewa. Ya ce, "Wanga zare ko giwan ruwa bai tsinka shi." Gogan ya tsaya ƙiƙam, yana numfashi kaɗan-kaɗan kamar mai kurɓar kunu da zafi.

Sai ga Ɗelu da ƙwaryar ƙuli-ƙuli ta gaisuwa. Ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ashe kana da fuska. Wallahi launin ya karɓe ka. Wane tela ne?"

Ya ce, "Ni." Iyakar abin da numfashinsa ya iya ɗauka ke nan.

Ana haka Hajiya Fati ta sauka daga motar Gabi, ta shigo tana dogara sanda. Ta amsa gaisuwar Ɗelu, ta dubi jikanta ta ce, "Angona, wa ya mutu ka ci gado?" Ta shige ɗaki don ta fito da ajiyarta ta sha iskar Juma'a. Aka ji ƙarar akwati. Can ta fito riƙe da ƙyalle biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba.

Ta ce, "Angona, ina likkafanina?"

Ya dubi ƙyallayen, ya dubi ƙirjinsa. Ya ce, "Hajiya, ai na rage miki."

"Wannan ko ɗan tsako ya mutu sai an bar ƙafafunsa waje."

Ɗelu ta ja da baya ta ce, "Da likkafani ka tare ni neman aure?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi ƙofa.

Ya ce, "Ɗelu tsaya, yanzu zan cire." Ya ja wuya, ya ja ƙasa, ya yi ta mutsu-mutsu yana juyi a tsakar gida. Maɓallai suka yi ta tsalle, zare ko gezau. Ya ce, "Mahaman, kawo wuƙa ka farke ni."

Mahaman ya zaro wuƙarsa ta gyaran kifi. Hajiya ta tare shi da sanda.

Ta ce, "Kar wanda ya taɓa shi, likkafani in an sa ba a cirewa. Mahaman, aje wuƙar nan, je ka gaya wa liman ya dakata bayan Juma'a, akwai gawa ruwan hoda."