Injiniya Nazifi da Odar Kilishi Ɗari Huɗu

Wani mutum ne a Kaduna, Nazifi, mai ƙera shafukan intanet a wani ɗan kamfani. Kai, cika baki dai a wurinsa aka yanke masa cibi! In ya zauna gaban kwamfuta, kas-kas-kas, sai ya ɗago ya ce, "Ni tun da na fara rubuta kod, hannuna bai taɓa kuskure ba."

Ana nan sai mai kamfanin, Hajiya Dijangala, ta ce za ta naɗa shugaban sashe. Ko Nazifi, ko abokiyar aikinsa Zulai. Shi aka fara bai wa gwaji: shafin sayar da kilishin Alhaji Gambo. In ya yi kyau, kujera tasa ce.

Sai dai akwai sharaɗi. Zulai ta kawo wata manhaja, wai ita linta, mai bin kod, wato rubutun umarnin kwamfuta, layi-layi tana jan jan layi a duk inda aka yi kuskure. Hajiya ta ce ba aikin da zai fita sai linta ta yi shiru.

Gogan naka ya gama, ya gwada a ɓoye. Allo ya yi jajir! Kuskure talatin da bakwai. Ɗaya ma cewa take yi maɓallin oda zai yi ta maimaita kansa ba tsayawa.

"Ji 'yar rainin wayo!" in ji shi. "Ni za ki koya wa aiki?"

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya rubuta layi ɗaya a saman kod ɗin, wanda ke hana linta duba shi. Ɗif, ja ya ɓace. Ya miƙe yana hura hanci.

"Zulai, zo ki gani. Ko tari 'yar sa-idon taki ba ta yi ba."

"Ko ɗaya, Injiniya?"

"Ta san na gaba da ita!"

Ranar nuni Alhaji Gambo ya iso da babbar riga. Nazifi ya ce, "Ranka ya daɗe, an riga an saki shafin. Duk wanda ya yi oda, wayarka za ta yi ƙara." Ya faki ido ya danna oda ɗaya, don a ga aiki.

Ƙirrr! Alhaji ya yi murmushi. Ƙirrr! Ƙirrr! Ƙirrr-ƙirrr-ƙirrr! Waya ta kama rawa a kan tebur kamar mai jin sanyi.

"Allahu Akbar! Kasuwa ta buɗe!" Alhaji ya zaro ɗaya wayar ya kira mahauta. "Ku kayar da shanu biyu yanzun nan! A'a, uku!"

Nazifi kuwa ido ya raina fata. Gumi sharkaf. Ya danna nan, ya danna can, abu ya ƙi tsayawa. Tsoro ya kama shi.

Zulai ta jawo kwamfutar ta kashe shafin, ta leƙa kod. "Injiniya, wannan layin na sama fa?" Ta goge shi. Ja ya dawo fal allo, a gaban kowa.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ashe ba shiru ta yi ba, toshe mata baki ka yi. Zulai, gobe ki koma kujerar."

Alhaji dai bai gane ba, yana ta duba waya. "To, su wa suka yi odar? Nazifi. Nazifi. Nazifi... Ɗari huɗu da sha biyu, duk Nazifi?"

"Ranka ya daɗe, ai... gwaji ne."

"Gwaji? An riga an sa wa shanu wuƙa, yaro!" Alhaji ya damƙo hannun rigarsa. "Mu je. Tunda kai kaɗai ne kasuwar tawa, kai za ka yanyana naman, ka shanya, ka tsaya kana korar ƙuda har ya bushe!"