Rasuwar Goggo Mai Tsirkiya Huɗu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Kailu mai gyaran rediyo na kasuwar Black Market a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, tare da mai ɗakinsa Tabawa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Goggo, gitarsa ta bas mai tsirkiya huɗu. Ta cika ranar Laraba da hantsi, cikin watan Maris na 2011. Ba a kan shimfiɗa ta cika ba, sara aka yi mata.

Marigayiyar ta shigo Abidjan a 1996 a kafaɗar wani ma'aikacin jirgin ruwa, Kailu ya karɓe ta a bakin tashar jiragen Treichville. Baƙa ce wuluk, mai nauyi, mai dogon wuya. Saboda muryarta aka sa mata Goggo: ba ta ɗaga ta, amma in ta yi magana kowa sai ya gyara zama. A kiɗan rok ƙaramar gita ce ke ihu a gaba tana kwashe tafi, ita kuwa tana can ƙasa riƙe da waƙar, ba mai tunawa da ita sai ta yi shiru.

Kailu ba shi da malami sai kaset. Yakan mayar da zare baya da biro har sau hamsin don salo ɗaya ya zauna masa a yatsu. Za a daɗe ana tuna salon nan da take yi, dum, dum-dum, dum, kamar ƙaton dako yana hawa bene da buhu. Akwai kuma mai taushi, duuu-ru-dum, wanda yake hawa ya sauko yana kuka. Ko Tabawa, da ta yi shekara goma sha biyar tana kiranta itacen banza mai hana miji cin tuwo, takan ajiye muciya in an zo kansa, sai dai ba ta taɓa yarda cewa tana yin hakan ba. Na ukun shi ne na babban yatsa, tas-dum, tas-tas-dum, wanda ya zubar da gilashin tagar mai gidan haya.

Gaskiya ɗaya ce, marigayiyar ba mai son zaman lafiya ba ce. Tabon da ke ƙugunta na kwalba ne, daga wani gidan rawa a Treichville inda kujeru suka tashi sama, aka fasa wa mai ganga goshi, ita kuwa ba ta saki salo ba har aka tsinke wayar lasifika.

Ajalinta ya zo ranar da harbin rikicin bayan zaɓe ya matso layinsu, Kailu da Tabawa suka yanke shawarar komawa gidan yayan Tabawa a Treichville. Ampili, wato na'urar ƙara sauti, da lasifika sun yi nauyi, Kailu ya bar su. Tabawa ta roƙe shi ya bar gitar ma, ta ce duk wanda ya ga wannan dogon akwati baƙi a irin wannan rana, bindiga zai gani. Ya yi kunnen uwar shegu, ya rataya.

Ba su fita Adjamé ba suka faɗa shingen samari masu adduna, ga tayoyi suna ci da wuta. Aka durƙusar da su, aka buɗe akwati. Babbansu ya ce da Faransanci, in Kailu makaɗi ne ya kaɗa su ji, in ba haka ba to makamai yake kai wa mutane a ciki, gitar rufin ido ce.

Ya kaɗa. Ya zaɓi mai taushin nan, bai taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba. Amma bas ba ta da murya sai da ampili, abin da duk makaɗi ya sani, shi kuwa sai a nan ya tuna. Abin da ya fito kawai tak-tak ne na waya a kan itace. Samarin suka yi dariya, sannan suka daina. Ɗaya ya finciko Tabawa ta ɗankwali yana jan ta wajen tayoyin, wani ya kwance murfin jarkar fetur.

"Kailu, kar ka bar ni," ta ce.

Ya kama Goggo ta wuya da hannu biyu. Bugun farko ya sami muƙamuƙin mai jan ɗankwali, haƙora suka zube a kwalta. Na biyu ya karya kafaɗar mai jarka. Kafin na uku adda ta sauko, ya tare da wuyan gitar. Addar ta raba wuyan biyu, tsirkiyoyi suka tsinke, ta tafi da yatsu uku na hannunsa na hagu. Ana haka harbi ya ɓarke a saman layi, samarin suka watse. Tabawa ta ɗaure masa hannu da ɗankwalin, ta tura shi lungu, sannan ta koma cikin hayaƙi ta ɗauko gangar jikin gitar ta goya ta a baya har Treichville.

Marigayiyar ta bar ampili ɗaya da lasifika biyu a Adjamé, waɗanda har yau ba a ji ɗuriyarsu ba, da kwali guda na kaset, da Tabawa a raye.

Liman ya ce itace ba a yi masa salla, iyali sun amince. Za a naɗe ta cikin sabon zanen Tabawa, a haƙa mata a gindin mangwaron tsakar gidan yayanta, bayan tashar jirgin fito ta Treichville, ranar Asabar bayan la'asar. Ba kiɗa, ba lasifika. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya ce wa Kailu Allah ya ba shi wata. Yatsun da zai danna ta da su suna can a kwaltar Adjamé.